Mudun Gado

Duk wanda ya taɓa kai auduga fuloti a ƙasar Funtua ya san yadda zuciya ta kan tsaya sa'ad da aka ɗora buhu a kan sikeli. Wahalar damina duka, da noma, da feshi, da cira cikin sanyin hunturu, ta rataya ga wata 'yar allura. In sikelin ya karkace manomi ya cutu, ko da malamin awo mai tsoron Allah ne. A wannan wata muna so mu yi shawara da masu karatu a kan awo, amma awon da mu ke nufi shi ne wanda mu ke yi wa mutane. Ga tambayar: mutum ya gāji mudu daga wurin ubansa, mudun kuwa a lotse ya ke, shi bai sani ba, yana ta awo da shi da zuciya ɗaya. Yana da laifi, ko ba shi da shi?

Za mu fara neman amsa a wuri mai nisa, cikin littattafan hira guda uku na Amurka. Kada wani ya ce me ya haɗa kifi da kaska, gama auduga ta haɗa mu da su tun tuni. A 1860 akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a Amurka, audugar da su ke cira kuwa ita ke ciyad da masaƙun Manchesta a Ingila. Da yaƙin basasa ya tashi a can daga 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka sha yunwa. Turawan Ingila ba su manta da wannan ba. A 1902 suka kafa kamfanin BCGA domin neman auduga a ƙasashen da su ke mulki, shi ne ya zo ya kafa injin gurza a Funtua, har yau ma akwai unguwar da ta ke amsa sunansa. Irin da aka raba wa kakanninmu, wanda a ke kira Allen, asalinsa na Amurka ne. Watau audugar da ta gina Funtua 'yar'uwar wadda bayi suka cira da hawaye ce.

Littafi na fari shi ne Uncle Tom's Cabin, watau Bukkar Kawu Tom, wanda Harriet Beecher Stowe, 'yar fasto kuma matar malamin Littafi Mai Tsarki, ta fitar a 1852. Abin da ya tunzura ta wata doka ce ta 1850, wadda ta tilasta wa mutanen jihohin arewa, inda babu bauta, su taimaka a kama bawan da ya gudo a mayar wa ubangidansa. Cikin shekara guda aka sayad da littafin wajen 300,000 a Amurka kaɗai. Yawancin masu karatu sun fi tunawa da Simon Legree, mugun mai gonar auduga wanda ya sa aka yi wa Tom dukan da ya zama ajalinsa. Mu dai Legree bai dame mu ƙwarai ba, domin mugu ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya fara sayad da Tom mutumin kirki ne, sunansa Shelby. Yana yabon amincin Tom, bashi ne kawai ya kama shi, sai ya sayad da shi ya raba shi da matarsa da 'ya'yansa, ransa a ɓace, amma dai ya sayar. Ubangida na biyu, St. Clare, ya yi alkawari zai 'yanta shi, ya yi ta jinkiri da takardar har mutuwa ta riske shi ba zato, matarsa ta aika da Tom kasuwa.

Akwai kuma wata mace cikin littafin, Ophelia, mutuniyar arewa, mai ibada, wadda ta ƙi jinin bauta da gaske. Aka ba ta wata yarinya baiwa mai suna Topsy ta yi mata tarbiyya. Ta koya mata karatu, da ɗinki, da tambayoyin addini, ba ta gajiya. Abu ɗaya ne ba ta iyawa, ba ta iya jimrewa yarinyar ta taɓa jikinta. Tana tsammani ta ɓoye wannan. Ashe yarinyar ta sani tun da fari.

Littafi na biyu shi ne ya fi kusa da tambayarmu, saboda haka za mu daɗe a kansa. Mark Twain ya rubuta shi, sunansa Adventures of Huckleberry Finn, ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885. Labarin wani yaro ne farar fata, Huck, ɗan wani mashayi, wanda ya gudu daga dukan ubansa, ya gamu da wani bawa mai suna Jim wanda shi ma ya gudo, domin ya ji uwargijiyarsa za ta sayad da shi dala 800 zuwa kudu mai nisa. Suka hau wasu gumagumai da aka ɗaure wuri ɗaya, suka bi kogin Misisipi, suna tafiya da dare suna ɓuya da rana. Jim ya kan yi gadi a madadin yaron don ya sami barci. Wani lokaci yaron ya kan farka ya iske shi ya haɗa kai da gwiwa yana kukan matarsa da 'ya'yansa biyu, sai ya yi mamaki ƙwarai da ya ga baƙar fata ma yana ƙaunar iyalinsa kamar kowa.

To, ga inda maganar ta ke. Lamirin yaron bai bar shi ya huta ba, amma ba wai yana ce masa ya ceci Jim ba ne. Cewa ya ke yi masa: kai ɓarawo ne, ka taimaki dukiyar wata tsohuwa ta gudu, ita kuwa ba ta taɓa yi maka mugunta ba. Haka aka koya masa a gari, haka kuma ya san za a koya masa da ya riƙa zuwa makarantar Lahadi. Da aka kama Jim, yaron ya zauna ya rubuta wa tsohuwar wasiƙa yana faɗa mata inda bawanta ya ke. Yana gamawa ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, kamar an wanke masa zunubi. Sa'an nan ya fara tunawa da dararen da suka yi a kogi, da alherin mutumin nan, hannunsa yana rawa. Ya yage wasiƙar. Ya yage ta kuwa yana gaskatawa cewa ya zaɓi Jahannama ke nan. Bai taɓa gane cewa daidai ya yi ba, har littafin ya ƙare.

Mai karatu ya lura da wannan da kyau. Mun saba cewa da 'ya'yanmu su bi abin da lamirinsu ya faɗa musu. Ga yaro wanda lamirinsa ya umarce shi ya yi mugunta, ya sami kuɓuta ta wurin ƙin jinsa. Lamiri ma ana renonsa ne kamar yaro, abin da aka ɗura masa tun yana ƙarami shi ya ke furtawa. A wani wuri cikin littafin yaron ya ƙaga labari cewa tukunyar jirgin ruwa ta fashe. Matar gidan, mace mai taushin zuciya, matar mai wa'azi, ta tambaya ko wani ya ji ciwo. Ya ce babu, baƙar fata ɗaya ne kawai ya mutu. Ta ce an yi sa'a, ta ci gaba da yi masa maraba. Ba ƙeta ta ke yi ba. Mudunta ne ba ya ɗaukar irin wannan mutum.

Masu wa'azi da yawa a kudancin Amurka sun taimaka wajen lotsa mudun. Su kan buɗe Farawa sura 9 su ce la'anar Nuhu ta bi baƙar fata, alhali wanda ya karanta wurin da kansa zai ga Kan'ana aka ambata, ba a kuwa yi zancen launin fata ba ko kaɗan. A 1845 ekklisiyoyin Baftis na kudu suka rabu da na arewa a kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Sai a 1995, bayan shekara 150, babban taronsu ya fito ya nemi gafara.

Na uku shi ne To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a 1960. A nan bauta ta ƙare da daɗewa, tun 1865, amma mudun yana nan. A wani ƙaramin gari na Alabama aka zargi Tom Robinson, baƙar fata, da yi wa wata farar yarinya fyaɗe. Lauyansa, Atticus Finch, ya nuna a fili cewa mai dukan bahago ne, hannun hagu na Tom kuwa ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya cinye shi. Mutanen Funtua ba su bukatar a bayyana musu abin da wannan injin ya kan yi wa hannu. Duk da haka mutum goma sha biyu da aka zaɓa su yanke magana, dukansu farare, suka ce ya yi laifi. Daga baya aka harbe shi yana ƙoƙarin tserewa daga kurkuku. A ranar da labarin mutuwarsa ya iso, matan ekklisiya suna zaune a gidan lauyan suna taron zumunta, suna shan shayi, ɗayarsu har idonta ya cika da hawaye saboda wata kabila ta Afirka da ba ta ji Bishara ba. Da ta share hawayen sai ta shiga ƙorafi a kan mai dafa mata abinci, baƙar fata, wai ta cika ɓata fuska tun da aka yi shari'ar nan. Mu ne waɗannan mutanen Afirka da a ke yi wa kuka, don haka wurin ya kan ba mu dariya, ya kuma ba mu kunya.

Ya kamata mu faɗa cewa dukan marubutan nan uku farare ne, kuma baƙaƙen Amurka sun yi musu gyara. James Baldwin ya rubuta a 1949 cewa Tom na Stowe ba cikakken mutum ba ne, an cire masa fushi da duk abin da zai tsorata Bature. Har sunan Kawu Tom ya zama zagi a bakinsu. Wanda ya ke so ya ji maganar daga bakin mai ciwo sai ya nemi Native Son na Richard Wright, na 1940, ko Invisible Man na Ralph Ellison, na 1952. Amma game da tambayarmu waɗannan ukun sun fi amfani, gama suna nuna mana cikin zuciyar mai awo.

Sa'ad da mu ke karanta irin waɗannan labarai, mu kan zauna kusa da Tom da Jim, tun da fatarmu ɗaya. Muna da hujja kuwa. Tsofaffinmu sun tuna zamanin da a ke tuɓe takalmi a durƙusa wa yaron Bature wanda bai kai ɗan cikinsu ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bauta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta girma ne kusa da Zarewa, ba nisa da iyakarmu, ta kuma ba da labarin rinjin gidansu da yadda bayi su ke noma gandu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya fito a 1934, labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Lugga ya yi shela a 1901 cewa duk ɗan da aka haifa daga wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Akwai masu rai a yau da aka haifa kafin wannan shekara.

Gaskiya ne tamu ta bambanta da tasu. A nan ba launi ya raba ɗa da bawa ba. Ɗan sa-ɗaka ɗa ne, ya kan gāji ubansa har ya hau gadon sarauta, bayin sarki kuma sun riƙe manyan muƙamai. Sai dai wannan bambanci ya haifi wani abu. Tun da ba a ganin namu a fuska, sai an riƙa tunawa da shi, ana kuwa samun masu riƙon amanar tunawa a kowace unguwa. Sunansa asali. Ba ya fitowa a kasuwa ko wurin gayya. Ya kan jira ranar da yaro ya ga yarinya, a aika bincike, a dawo a ce kakansa a rinji aka haife shi, ko a ce gidansu mahauta ne, ko maroƙa. Sai a ce da yaron an riga an yi wa yarinyar miji. Wanda ya hana auren ba mugu ba ne. Sau da yawa dattijo ne mai riƙon gaskiya, wanda zai rantse cewa alherin 'yarsa ya ke nema, zai kuma kawo karin magana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu da maƙwabtanmu Musulmi duka mun yarda cewa daga Adamu ɗaya aka fito, amma a wannan wuri al'ada ta kan rinjayi mumbari da bagadi gaba ɗaya.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida a Malumfashi da Kafur jikokin Maguzawa ne. Kakanninsu sun zauna a gidajen gona, sun biya jiziya, sun cika rumbunan ƙasar nan da dawa, amma ba a rasa mai kiransu arna. Har yanzu akwai yaron da a kan tambaye shi a makaranta yaya aka yi Bahaushe ya zama Kirista. Mun san zafin wannan. Abin da ya kamata mu ji tsoro shi ne, wanda aka rena ya kan ɗauka shi ba zai iya rena wani ba. Ga shi kuwa a cikin ekklisiya ɗaya a kan ji an ce da ɗan'uwa daga kudancin Kaduna ko Filato ƙabila, da irin muryar da a ke ce mana arna, shi kuma ya koma gida ya ce Bahaushe ba a amince masa ko ya yi baftisma. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Akwai wurin da ya fi wannan zafi, ba mu kuwa so mu taɓa shi da wasa. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar nan. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Faskari, da Sabuwa, da Dandume sun binne mutane, an bar gonaki sun zama saura, an sayad da shanun noma an biya fansa. Wanda ya rasa ɗa ba za mu ce masa ya yi shiru ba. Gaskiya ne kuma da yawa daga cikin masu wannan ta'asa Fulani ne. Amma daga nan sai mudun ya fara aiki, a ce duk Bafillace ɗan ta'adda ne ko mai kai musu labari. An sha ba da rahoto daga Zamfara da Katsina cewa 'yan sa-kai sun kama mutum a kasuwa sun kashe ba shari'a, shaidar da ke kansa kuwa ita ce kamarsa da sandarsa. Wasu daga cikin waɗannan su ma an kore musu shanu tun kafin a taɓa namu. Tom Robinson ya fi su sa'a, shi ko ba kome an kai shi gaban alƙali.

A watan Maris na 2025 aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa gida yin Salla, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Arewa duka ta yi kuka, mu ma mun yi, daidai ne kuwa. Waɗanda suka taru a wurin ranar nan su ma mutane ne da satar mutane ta gallaba, suka ga baƙi masu irin wannan kama da irin wannan harshe, suka auna. Mudun da aka auna 'yan'uwanmu da shi a Uromi, irinsa ne a ke auna Bafillace da shi a kasuwanninmu.

To, mai mudun gado yana da laifi? A ganinmu rashin sani ya kan rage nauyin hukunci, amma ba ya mayar wa mai saye hatsin da aka tauye masa, 'ya'yansa sun riga sun kwana da yunwa. Ban da haka, in muka duba da kyau, rashin sanin nan da wuya ya zama cikakke. Ran da mai fataucin bayi ya zo ɗaukar Tom, Shelby ya ƙirƙiro tafiya ya bar gida don kada ya gani. Mutanen nan goma sha biyu sun yi sa'o'i a ɗaki kafin su fito, domin ɗayansu ya fara tirjewa. Wanda ya ƙi yarda a gwada mudunsa da na maƙwabci, lalle akwai abin da ya ke zato. Manzo Bulus, wanda ya tsananta wa ekklisiya yana tsammani aikin Allah ya ke yi, ya koyi wannan da tsada. Shi ya sa a 1 Korintiyawa sura 4 ya nuna cewa ko da zuciyarsa ba ta kā da shi a kan kome ba, wannan bai isa ya baratad da shi ba. Mu da mu ke cewa zuciyata ba ta zarge ni ba, matar mai wa'azin nan ma tata ba ta zarge ta ba.

Abin da ya buɗe idon Huck ba muhawara ba ce, zama ne. Ya ci abinci da Jim, ya kwana kusa da shi, ya ji kukansa. Wannan ya fi wa'azi goma, muna kuwa roƙon kowane mai karatu ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ya zauna a ruga ya sha fura, ko ya ci tuwo a gidan da a ke cewa na bayi ne. Amma ko wannan bai isa ba. Da Jim ya sadaukar da 'yancinsa domin ya tsaya wurin wani yaro da aka harba, abin da Huck ya iya tunani shi ne, ashe Jim farar fata ne a ciki. Ya fid da mutum ɗaya daga cikin buhun, ya bar buhun a ɗaure. Mu ma mun iya wannan. Mu kan ce wāne Bafillace ne amma mutumin kirki ne, wance 'yar mahauta ce amma ba ka ce ba. Duk ƙetar tana cikin amman nan, mai faɗa kuwa yana jin yabo ya yi.

Canja mudu yana da tsada, kada mu ruɗi kowa. Atticus ya fāɗi a shari'a, an tofa masa yawu a fuska, an kuma kai wa 'ya'yansa hari da dare. Mutumin da zai tsaya a tsakiyar kasuwa ran da jini ya hau, ya ce ku dakata, a kai shi wurin hukuma, zai iya jin an ce shi ma ɗan leƙen asirinsu ne, wannan kalma kuwa ta kan kashe mutum a kwanakin nan. Uban da zai ba da 'yarsa ga jikan bawa zai sha magana wurin 'yan'uwansa mata har shekaru. Ba mu da alkawarin da za mu yi musu cewa jama'a za ta gane daga baya. Huck bai sami ko mutum ɗaya da ya ce masa sannu ba.

Kaka tana zuwa. In an sayad da masara da waken suya a Bakori da Dandume kuɗi za su shigo hannu, samari za su fara aika iyaye, dattawan ekklisiya za su fara karɓar maganar baiko. A wani gida za a tura tsofaffi biyu bincike. Za su dawo da la'asar su zauna a zaure, su rage murya, su ce yaron ba shi da abin zargi, yana da gona, ba ya sha, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, sai dai kakansa. Yarinyar tana bayan zana tana ji. Sa'an nan kowa zai juyo ya dubi uban.